Yaron da Aka Ƙara wa Shekaru: Lacca kan Gidajen Gyaran Hali

(An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro a garin Bauchi, an kuma rubuta ta daga muryar da aka naɗa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, da ɗaliban da ke tsaye a baya, ku matso, akwai wuri a gaba. Abubuwa huɗu na shirya zan faɗa a kan gidajen yari.

Na farko, wa ke riƙe da su? Kalmar gidan yari ita kanta tarihi ce, domin Yari sarauta ce, shi ne mai kula da kurkukun sarki, kuma haka aka ci gaba a zamanin En'e har 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen duka a hannunta. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali. Saboda haka gandiroban da kuke gani a Bauchi, Azare, Ningi ko Misau ma'aikacin tarayya ne, albashinsa da abincin fursuna daga Abuja suke fitowa, alhali mafi yawan waɗanda ke ciki kotunan jiha ne suka tura su. Mai ɗaurewa daban, mai ciyarwa daban. Sai a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen.

Na biyu, cunkoso, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokar 2019 ta ba kwanturola, wato shugaban gidajen yari na kowace jiha, ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika.

To, maganar yara, wadda ita ce ta kawo ni nan. Dokar nan ta hana a tsare yaro tare da manya. Yaron da ake tuhuma, wurinsa gidan horon yara ne, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin jama'a, ba hukumar gyaran hali ba. Matashin da aka yanke wa hukunci kuma, akwai makarantun horo na tarayya da ake kira Bostal, inda ake koyar da karatu da kafinta da ɗinki. Waɗanda aka daɗe da sani guda uku ne, a Kaduna, Ilori da Abekuta. Ku lura, babu ko ɗaya a arewa maso gabas. Uwar da ke Alkaleri ko Katagum, da wane kuɗin mota za ta riƙa zuwa Kaduna duba ɗanta?

Amma kafin a kai ga Kaduna, akwai abin da ke faruwa a kan takarda. Na taɓa shiga wani gidan yari, ba zan faɗi sunansa ba, daidai lokacin rabon gabza. A cikin layi na ga wani yaro riƙe da kwanon roba da hannu biyu, rigar da ke jikinsa ta kai masa gwiwa, ko gashin baki bai fara fito masa ba, muryarsa ma ba ta buɗe ba. Na ce, ɗana, shekarunka nawa? Ya ce, Baba, ban sani ba, amma bara na bar firamare. Da aka duba takardar tuhumarsa, an rubuta masa shekara 19. Zargin satar waya ne, kuma a ɗaki ɗaya yake kwana da waɗanda ake tuhuma da fashi.

Ina so ku riƙe wannan, zan maimaita. Lamba biyu da aka rubuta da biro su ne suka fitar da yaron nan daga kariyar doka gaba ɗaya. Ba shi da takardar haihuwa, iyayensa ba su san kotun da aka kai shi ba, babu lauyan da zai miƙe ya ce, ya mai shari'a, wannan yaro ne. Iyaye, don girman Allah, ku karɓar wa 'ya'yanku takardar haihuwa a hukumar ƙidaya. Kun ga yaran da suka yanke jiki suka faɗi a kotun Abuja a watan Nuwamba na 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa. An gan su ne saboda akwai kyamara, shi kuwa na layin gabza babu wanda ya ɗauki hotonsa.

Na uku, ko na huɗu ke nan? Na'am, Hajiya, ga ki da hannu sama, bismillah.

(Wata uwa ta tambaya: idan yaro ya kangare ya gagari iyayensa, ba gara a kai shi gidan mari ba?)

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, na san ba daga ƙiyayya wannan tambaya ta fito ba. Amma ki tuna Rigasa a Kaduna, a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu da kansu suka kai su, da niyyar alheri, har suna biyan kuɗi. Ki fara da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku, idan kuma shaye-shaye ne, a kai shi asibiti likita ya gan shi. Duk inda za ki ajiye ɗanki, ki nemi a bar ki ki shiga ɗakin da zai kwana, ki gani da idonki. Idan aka ce ba a shiga, ki kama hannunsa ku koma gida.