Tafkin da ya girmi jihadin Shehu

Jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da rawar da kyamarar take yi, sanyi ne ya kama min hannu. Yau na bar Clausthal da sassafe na hau bas zuwa cikin tsaunukan Harz, nan Jamus, don in nuna muku wannan ruwan da ke bayana. Sunansa Oderteich.

Wanda ya gan shi kwance a tsakanin itatuwa zai rantse haka Allah Ya halicce shi. To, mutane ne suka tare shi. An fara ginin dam ɗin a 1715, aka gama a 1722. Ku lissafa, shekara 82 ke nan kafin jihadin Shehu Usmanu. Kuma ya yi kusan shekara 170 babu dam ɗin da ya kai shi girma a duk Jamus.

Bari in matso ku ga bangon. Babu siminti ko buhu ɗaya. Manyan duwatsu aka jera ciki da waje, tsakiya kuma aka cika da ɓurɓushin dutse, aka daddaɓe shi har ruwa ya kasa ratsawa. Ruwan kansa, ga shi a tafin hannuna, ja-ja kamar shayi ba madara. Ba datti ba ne, daga fadamun kan tsauni yake gangarowa da wannan launin.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin ginin. Azurfa ake haƙa a garin Sankt Andreasberg, ramuka suka yi zurfi, ruwa yana cika su. Sai mahaƙan suka ce to, ruwa zai kori ruwa. Suka ja magudana mai tsawon kilomita bakwai da ɗoriya daga nan, ruwan ya je yana juya manyan wili na katako, su kuma suna tuƙa famfon da ke zuƙe ramin. In rani ya yi tsawo, tafkin ne ke riƙe aikin.

Irin waɗannan tafkuna sama da 140 aka gina a yankin, kusan 65 suna nan da ruwansu, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010. An rufe ramin Samson, wato wani ramin haƙar azurfa na Sankt Andreasberg, tun 1910, amma har yau ruwan nan yana faɗawa cikinsa yana ba da lantarki.

Ku biyo ni mu bi magudanar, kafin yatsuna su daskare.