Matan Dadara da tsuntsun da aka tsana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina ƙauyen Dadara a jihar Assam ta Indiya, ba nisa da birnin Guwahati. Bari in juya kyamara. Kun hango wancan tsuntsun a ƙololuwar bishiya? Ɗan'uwan babba-da-jakarmu ne, a nan hargila suke ce masa. Tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, ga sanƙo, ga jaka na reto a wuya.

Wari kam akwai shi, da kuna nan da kun toshe hanci. Mushe yake ci, ragowar kuma ta zubo tsakar gida. Mutane suka tsane shi, suka camfa shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ba a gandun dajin gwamnati yake sheƙa ba, a bishiyoyin gidajen mutane ne. Mai gida na gajiya sai ya ɗauko gatari.

A 2007 wata mai nazarin namun daji, Purnima Devi Barman, tana tsakiyar binciken digirinta na uku ta ga an sare wata bishiya, 'yan tsaki suka faɗo ƙasa. Ta jingine karatun, ta nufi matan gidajen, don su ne masu share ƙazantar kullum. Ta fara da gasar girki. Daga nan aka shiga yi wa tsuntsuwar bikin da ake yi wa mai juna biyu idan lokacin ƙwai ya zo. Wallahi dabarar nan ta burge ni, domin wanda kika yi wa biki ba kya bari a rushe masa ɗaki. Yanzu matan sun haura dubu goma, ana kiransu rundunar hargila. Suna saƙa hotonsa a jikin zane su sayar, kuɗi na shiga hannunsu.

Ku dubi ragar nan a gindin bishiya, ita ke tare ɗan tsakon da ya suɓuto. Sheƙa 28 aka ƙirga a farko, yanzu sun wuce 250 a Dadara da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita.

Ni dai ungulu nake ta tunawa. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, yaushe rabonku da ganinta a mahauta?

To, uwar gidan nan na yafito ni in ga masaƙarta. Ku biyo ni mu shiga.