Yadda ake gane irin ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa: laccar wani likita ga ɗaliban kiwon lafiya a Birnin Kebbi

To jama'a, na baya kuna ji na ko? Madalla.

Hoton MRI da kuka sani yana nuna mana ƙarin ne kamar tukunya kawai, girmanta da inda take zaune cikin kai. Shi kuma wannan awon da ake kira MRS, wato sifektiroskofi, kamar mutum ne ya shigo gida ya shaƙi ƙamshi ya ce yau miyar kuka aka yi kuma daddawa ta yi yawa, alhali bai ɗaga murfi ba. Injin guda ne, ba a ƙara wa mara lafiya komai sai 'yan mintoci a kwance, likita ya zana ɗan akwati a kan ƙarin sai kwamfuta ta fito da zane mai tudu da kwari.

Tudu uku nake so ku riƙe, kowanne alamar wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, kuma da lambar wurin da yake fitowa a kan zanen. Akwai NAA a lamba 2.0, shi ne shaidar jijiyoyin ƙwaƙwalwa na nan da ransu, sai kiriyatin a 3.0, sai kolin a 3.2 wanda ke tashi idan ƙwayoyin halitta suna hayayyafa ba kan gado. In ka ga kolin ya haura sama NAA ya faɗi ƙasa, to ka gyara zama. In kuma ga tudun kitse da laktet, sinadarin da ke taruwa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, wajen 1.3, tsakiyar ƙarin ta fara ruɓewa ke nan, irin abin da muke gani a giliyobilastoma, wani mugun ciwon dajin ƙwaƙwalwa, mataki na 4 a rabon Hukumar Lafiya ta Duniya. Meninjiyoma, wani ƙari mai fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ita sinadarin alanin take nunawa wajen 1.5 kuma NAA kusan babu.

Amma ni inda abin ya fi burge ni a nan wajenmu, tarin fuka ne. Tibi kan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa, a hoto ka rantse daji ne, 'yan uwa har sun fara zancen sayar da buhunan shinkafa a kai shi Sakkwato a yi fiɗa, sai awon ya nuna kitse ya yi tsiri sosai, a koma a bincika tibi, wani ma magani kawai zai sha. Ƙurji mai mugunya shi ma da nasa tudun.

Kai ɗan'uwa mai tambaya ko MRS kaɗai ya isa, a'a, bai maye gurbin yanko tsoka a kai lab ba, don wani dunƙulen tibin ma kolin ɗinsa kan tashi, kuma in mara lafiya ya motsa kai ko akwatin ya taɓo ƙashi zanen ya lalace, sai an sake daga farko.