Allurar Girma da Jijiyoyin Jinin Yaro

Laccar da wata likitar yara ta yi wa iyaye a Agege, Legas, kamar yadda aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, sannunku da zuwa.

Ɗazu wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa, wai akwai allurar da za ta ƙara wa ɗanta tsawo? Akwai, Hajiya, amma ki ba ni aron kunne.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke fitar da sinadarin girma, galibi idan barci ya yi nisa. Aikinsa bai tsaya ga ƙashi ba. Yaron da jikinsa ya gaza samar da shi, kitse kan taru masa a ciki, maiƙo ya yi yawa a jininsa, kuma maiƙon nan ne ke kwanciya a bangon jijiya sannu a hankali. Irin wannan yaro idan aka ɗora shi kan allura, maiƙon kan ragu. Shi kam magani ne gare shi. A da daga jikin gawa ake samo sinadarin, sai a 1985 aka daina, aka koma haɗa shi a masana'anta.

To amma a 2014 masu bincike a Faransa sun bi sawun manyan da aka yi wa allurar suna yara, suka ga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa ta fi yawa a cikinsu. A 2021 aka ga alamar ƙarin ciwon zuciya da jijiya a Suwidin. Mutanen da abin ya shafa kaɗan ne, ban zo in tsorata ku ba. Sai dai shi ya sa muke auna hawan jini da sukari a kai a kai, don allurar kan ɗaga sukari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin yaranmu da suka tsumbure ba wannan ne ciwonsu ba. Wani rashin abinci mai gina jiki ne, wani sikila ce, wani kuwa gadon gidansu ne. Mai sikila jijiyoyinsa dama a wahale suke. Don Allah kada a saya masa allura a kemis. A kai shi cibiyar sikila da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, a duba gudun jini a jijiyoyin kansa.

Wanda kuma likita ya rubuta masa, a firiji ake ajiye ta, ba a gefen ƙanƙara ba. Idan wutar unguwarku ba ta zama, ku faɗa mana tun kafin a fara.