Takardar da likita ya sa wa hannu: jawabin sakatare a zaman ƙungiya na wata, Bronx

Rahoton wata zan ajiye shi gefe tukuna, ku yi mini haƙuri. Akwai maganar da ke cina tun daren Talata.

'Yar uwarmu da ta iso daga Maraɗi da 'ya'yanta uku, ba zan kama suna ba, tana cikin ɗakin nan. Makaranta ta aiko mata da takarda cewa babban ɗanta ba zai ƙara shiga aji ba sai da shaidar rigakafi. Ta goya ƙaramin, ta ja biyun a hannu, ta shiga jirgin ƙasa cikin sanyin nan zuwa wani ƙaramin asibiti da ta taɓa kai su lokacin da suka yi tari. Aka tambaye ta katin inshora, ta ce babu. Aka rubuta mata kuɗi a bayan takarda, aka ce ta kawo kafin a taɓa yaran. Ta juyo gida. Kwana 9 yaron yana zaune a ɗaki yana leƙen taga, sa'o'insa na wucewa da jakunkuna a baya. Kwana 9, jama'a, kuma duk yawanmu babu wanda ya ji labari, sai da maiɗakina ta haɗu da ita a wurin wankin kaya ta ga idonta ya yi ja.

Ranar Laraba na ajiye mota na raka ta asibitin. Tambaya ɗaya na yi musu: kuna cikin shirin VFC, na ba yara maganin rigakafi kyauta? Suka ce suna ciki. Kafin azahar an yi wa yaran uku allura.

To ku saurara, iyayenmu mata musamman, don ku ne kuke tsayawa a gaban teburin nan. Shirin VFC na gwamnatin tarayyar Amurka ne. Ƙyanda ce ta haife shi: tsakanin 1989 da 1991 ta kama mutum wajen 55,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 120. Majalisa ta yi doka a 1993, aiki ya fara a 1994. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, CDC, ce ke sayen maganin da kuɗin haraji, harajin da ake cira daga guminmu, a raba wa likitoci kyauta. Amma ba a ba likita ko kwalba ɗaya sai ya sa hannu a yarjejeniya, kuma abin da ke cikinta nake so kowa ya haddace kamar lambar gidansa.

Ya sa hannu cewa ba zai karɓi ko sisi a kan maganin kansa ba, in dai yaron bai kai shekara 19 ba kuma yana da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ko ba shi da inshora sam. Ladan yin allurar zai iya nema, amma an yanka masa iyaka, a jihar New York dala 25 ne da 'yan senti a kan kowace allura. In uwa ta ce ba ta da shi, kuma yaron nasu ne da suke dubawa, ba shi da ikon mayar da ita. Ladan nan ma takarda ɗaya tak zai aiko cikin kwana 90, kuma ba zai miƙa sunanki ga masu bin bashi ba. Kuɗin ganin likita daban ne, kar wani ya fita ya ce sakatare ya ce komai kyauta ne. Sannan ya ɗauki alkawarin ajiye maganin a firji mai ma'aunin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8 na Celsius, ya ba ki takardar bayani kafin kowace allura, ya adana rubutun aƙalla shekara 3. Takardar zama a ƙasa ba ta cikin sharuɗɗan shirin nan. Na maimaita: ba ta ciki.

Da 'yar uwarmu ta san wannan, da yaron bai rasa kwana 9 ba.

Mu ma kuma akwai namu nauyin, kuma a nan raina ke ɓaci. Tun watan Yuni na 2019 jihar nan ta soke uzurin addini a kan rigakafin 'yan makaranta, bayan ƙyandar da ta ɓarke a Brooklyn da Rockland. Kwana 14 makaranta ke ɗaga ƙafa, wanda ya zo daga wata ƙasa a iya kai masa 30 in an ga ana ƙoƙari. Amma sai a yi allurar farko, a ba mu ranar komawa, mu cusa takardar a aljihun riga, rigar ta tafi wanki. Katin rigakafin da aka ba ku a Kano ko Damagaram ko Kumasi, wanda ya yi laushi don ninkewa, yana da daraja a nan muddin akwai kwanan wata a jiki. 'Yar uwarmu ta baro nata a akwatin mahaifiyarta. A buga waya gida, a ɗauki hotonsa a turo.

Na san abin da ke zukatan wasu, ni ma ɗan Kano ne. Ban manta 1996 ba, shekarar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a garinmu. Ban manta 2003 ba, da aka dakatar da ɗigon shan inna har zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amma na kuma tuna matan nan masu hijabi da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, suna bin lungu lungu da rana tsaka, suna sallama gida gida, wani wurin a ba su ruwa, wani wurin a rufe musu ƙofa. Da ƙafafunsu aka kai ga Agustan 2020, da aka ce Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Ƙannenmu ne da 'ya'yanmu. Wanda ke da tambaya ya yi wa likita, ya nemi tafinta, ya karanta takardar kafin ya miƙa hannun ɗansa. Haƙƙinsa ne.

Rahoto a gurguje: an yi suna biyu, an yi ta'aziyya ɗaya, Allah ya jiƙan musulmi, kuɗin hayar ɗakin nan an biya, maganar walimar sallah sai zama na gaba.

Kuɗin wata kuwa, Alhaji Ma'aji zai karanto, amma fiye da rabinmu ba su biya ba. Ranar Laraba daga aljihuna na biya kuɗin motarmu, na kuma rasa aikin yini guda. Ban faɗa don a biya ni ba, wallahi. Na faɗa ne don gobe wata za ta sauka a filin jirgi da goyo, ba ta jin Turanci, kuma ba kullum maiɗakina za ta je wurin wanki ba. Ina roƙonku don Allah, mata uku da maza biyu masu jin Turanci su ba da sunansu yau, waɗanda za a iya kira su raka baƙo asibiti. Malam Liman, ina roƙon ka faɗi maganar nan bayan sallar Juma'a. Ga takarda da biro nan a kan tebur kusa da ƙofa, ni na fara rubuta sunana.

Alhaji Ma'aji, bismillah.