Fodkas: Ina Ramin da Ke Cikin Hujjar? Hira Kan Jarrabawar LSAT

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zancen jarrabawar LSAT za mu yi, wadda makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi. Ga Barista Hadiza da ta riga ta haye, ga kuma ƙaninmu Kabiru da ke tsakiyar kogi. Barista, wa wannan jarrabawa ta shafa?

Barista Hadiza: Gara mu fara da nan, Malam, kar wani ya yi wahalar banza. A Najeriya yaro na gama sakandare zai rubuta JAMB, ya yi shekara 5 yana karatun lauya, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. A Amurka sai ka gama digirin farko tukuna, ko a tarihi ne ko a kimiyya, sannan ka nemi digirin lauya da ake kira JD, na shekara 3. Mai neman JD shi ke fama da LSAT. Wanda ya yi digirin lauya na farko (LLB) a gida yake son ƙarin digiri na biyu (LLM), galibi ba ruwansa da ita.

Malam Bashir: To ashe ba dokoki ake tambaya a ciki ba?

Kabiru: Ko ɗaya, Malam. Hukumar LSAC ce ke shirya ta, maki daga 120 zuwa 180. Tun watan Agustan 2024 suka cire sashen nan na jera mutane, wane ya zauna kusa da wane. Yanzu cikin sassa 3 da ake ba maki, 2 na auna hujja ne, ɗaya na fahimtar dogon rubutu. Akwai na huɗu na gwaji da ba a lissafa shi, kuma ba za a gaya maka wanne ba ne. Kowane sashe minti 35, tambayoyi wajen 25. Ka ga ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi a kan kowace tambaya. Shi ya sa kullum agogo na gabana.

Barista Hadiza: Ajiye agogon nan tukuna, Kabiru. Bari in ba ka wata. Wata unguwa ta sa fitilu a tituna. Cikin wata 3 sata ta ragu. Mai unguwa ya ce, don haka fitilun ne suka kori ɓarayi. Me yake so ka yarda da shi?

Kabiru: Cewa fitilu ne suka rage sata. Amma Anti, ai ba gaskiya ba ne sata na raguwa haka, ni na san unguwar da...

Barista Hadiza: Tsaya nan! Ka faɗa ramin da yawancin ɗalibai ke faɗawa. Ba a kira ka ka musanta labari ba. An ce an sa fitilu, ka karɓa. An ce sata ta ragu, ka karɓa. Rigimarka tana wurin "don haka" ɗin nan, inda ya yi tsalle daga abin da ya gani zuwa abin da ya yanke. Me zai iya ɓuya a tsakani?

Kabiru: Wataƙila a watan ne 'yan banga suka fara sintiri.

Barista Hadiza: Yauwa. Ko an kama gungun ɓarayin. Ko ma duk garin sata ta ragu, har unguwannin da ke cikin duhu. In aka ce wace amsa ce ke raunana hujjar, irin wannan za ka nema cikin zaɓi 5 da aka ba ka. In aka ce wacce ke ƙarfafa ta, nemi wadda ta toshe ramin, misali a ce maƙwabciyar unguwa mai 'yan banga iri ɗaya, da ba ta sa fitila ba, satarta na nan yadda take. Rami ɗaya ne, tambayar ce kawai ke sauya riga. Shi ya sa nake cewa kafin ka kalli zaɓin, ka faɗa wa kanka ramin da bakinka.

Malam Bashir: Wannan ai ya yi kama da manɗiƙin da ake karantawa a zaure.

Barista Hadiza: Ƙwarai, wanda ya yi shi ya sami jari, ko da yake ba a neman sunayen ƙa'idoji. Gwada wannan, Malam. In an yi ruwan sama, ƙofar gida za ta jiƙe. Ƙofar gida ta jiƙe. Ke nan an yi ruwa?

Malam Bashir: Ina! Ɗan garuwa ma zai iya kifar da jarka.

Barista Hadiza: Shi ke nan. Abin da za ka iya rantsewa a kai ɗaya ne: in ƙofa a bushe take, ba a yi ruwa ba. A nan abin ya zo da sauƙi. A jarrabawa za su naɗe shi cikin zancen burbushin halittu ko haraji, da Turanci mai murɗiya, sai ka ga mai hankali ya juya sharaɗi bai sani ba.

Kabiru: Ni wadda ke ba ni ciwon kai ita ce tambayar abin da mai magana ya ɗauka a ransa bai furta ba.

Barista Hadiza: In an ce wane zato ne dole hujjar ta dogara a kansa, ɗauki amsar da kake zargi ka kore ta. A misalin fitilun nan, a ce amsar ita ce, ba wani sabon matakin tsaro ne ya jawo raguwar gaba ɗaya ba. Kore ta: wani matakin ne ya jawo ta gaba ɗaya. Maganar mai unguwa ta rushe ko?

Kabiru: Ta rushe warwas.

Barista Hadiza: To ita ce amsar. Wadda ka kore hujja ta ci gaba da tsayuwa, watsar da ita, komai daɗinta a kunne. Kuma ka yi hattara da amsa mai cika baki, mai "kullum" da "babu ko ɗaya". A irin wannan tambaya galibi mai sassauci ce ke ci.

Kabiru: Amma agogon fa, Anti? Ranar jarrabawa ba zai jira ni ba.

Barista Hadiza: Gaggawa aikin shaiɗan. Ka fara da tsofaffin tambayoyin LSAC na ainihi, suna nan a shafinsu na LawHub, ka yi su ba lokaci. Ka tanadi littafi, duk wadda ka faɗi ka rubuta me ya ja ka ga amsar banza, me ya sa ka tsallake ta gaskiya. Sai hannu ya faɗa ka dawo da agogo. Ranar kuma kar ka bar gurbi ko ɗaya, don ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba.

Malam Bashir: Madalla. Masu sauraro, ga taku kafin mako mai zuwa. Wani shugaban makaranta ya ce ɗaliban da ke zuwa darasin yamma sun fi cin jarrabawa, don haka a tilasta wa kowa zuwa. Ku turo mana inda ramin yake. Kabiru, kai za ka fara amsawa. Mu kwana nan.