Lacca: rushe kamfani saboda bashi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA. Sashe na 572, yadda aka kafa shi a 2020, ya ce in kana bin kamfani sama da naira 200,000 (adadin wancan lokacin ke nan), ka kai takardar neman biya ofishinsa, aka yi mako uku shiru, to ana ɗaukarsa ya gaza biyan bashi. Sai ka nufi Babbar Kotun Tarayya ka nemi a rushe shi, wato a rufe shi, a sayar da kadarorinsa a biya masu bin sa bashi. A dokar 1990 naira 2,000 ce. Yau ko cefanen miya ba ta yi! (dariya)

Amma ku tsaya, nan ake faɗawa rami. In kamfanin ya ce ba ka bin sa, kuma da hujja a hannunsa, ba gardamar baki ba, alƙali ba zai rushe shi ba. Ka ce ka kai musu buhu 500 na masara, su ce 400 aka sauke, a ciki ma hamsin sun jiƙe. Wa ya yi gaskiya? Je ka shigar da ƙarar bashi tukuna, a kawo takardar sauke kaya, a kira direba. Rushe kamfani ba bulalar karɓar bashi ba ce. Mai rubutu, ja layi a nan: ba bulala ba ce! Kuma ko an rushe, ba kai kaɗai kake bi ba. Ga banki mai jingina, ga albashin ma'aikata, ga haraji, kai kana can ƙarshen layi. Ka yanka saniya saboda ƙwaryar nono.

Na uku... au, na biyu ne ko? Bashin da ya tsufa. A Legas shekara shida ce, kowace jiha da dokarta. Ya wuce, ba ka rushe kowa da shi, sai in sun amsa shi a rubuce ko sun biya wani abu, lissafi ya dawo farko.

Na'am, Alhaji?

(Tambaya: a addini bashi yana ruɓewa?)

A'a, ranka ya daɗe. Ƙofar kotu ce ta rufe, bashin yana nan a wuyansa. A Buhari, an kawo gawa, Annabi (SAW) ya ji akwai bashi a kanta, ya ce ku yi wa ɗan'uwanku salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace ta. Na ukun sai wani makon, ga ladan can ya fara.